Ruwan Baƙon Tsakar Rana

Gamkalle, Yamai

Zuwa ga ɗiyata Ladi,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Damagaram lafiya, ke da kayanki, babu ciwon kai babu ɓacin rai. Allah ya tsare kar ɗinku, motar da za ta kai ku, a hanya, ya hana direba gyangyaɗi, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar ungozoman da za ki. Na cusa takardar ƙarƙashin zannuwanki don na san ba za ki kwance jakar ba sai kin isa. Kin san halina. Abin da zan iya karantawa a littafi ba na iya faɗinsa ido da ido, balle gaban ɗiyar fari.

Gwaggonki Hannatu ta sha tsokanata a gabanki da maganar "baƙon mamanki", kina dariya ba ki san kan zancen ba. Yau zan ba ki kansa, don tafiyarki ta shafe shi. Zan fara da ranar da aka shanye ruwan.

Cikin bazara ne, ban daɗe da zuwa gidan nan amarya ba. An kawo ni daga Dogon Dutsi ban san kowa a Yamai ba, Zabarmanci kuwa daga "fofo" ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Babanki da asuba yake sauka garka a bakin gulbin Isa, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Kin san yadda Gamkalle take da midi, in rana ta take tsaka. Awaki su lafe jikin katanga, tsuntsu ba ya kuka, ba abin da kike ji sai kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi. A wannan shirun nake karatu. Akwai wani mutumin Maraɗi a unguwar Maurey mai ba da aron littattafan soyayya, duk ranar da na je cefane sai na biya wurinsa in sauya.

A cikin littattafan nan miji yakan dawo gida cikin farar shadda, matar ta yi wanka ta sa turare, ta durƙusa da faranti ta ce sannu da zuwa, shi kuma ya dube ta kamar bai taɓa ganin mace ba. Babanki yakan dawo da taɓo har gwiwa, ya ɗibi ruwa a randa ya sha a tsaye, ya ce, "Akwai tuwo?" Kafin in kwashe kwanuka ya yi barci. Mutumin kirki ne, ko a lokacin na san haka. Amma ba shi ne na cikin littafi ba.

Sai na ƙago nawa. Dogo, mai sanyin murya, ban sa masa suna ba. In midi ya yi sai in yi wanka, in sa kwalli, in fito da kujerar katako inuwar ɗaki, in zuba ruwan randa a kofin tangaran mai furanni da ke cikin kayan aurena. In durƙusa gaban kujerar da babu kowa a kanta in ce, "Sannu da zuwa." In ba kaina amsa a zuci, in yi murmushi in sunkuyar da kai. In na gaji da wasan sai in zuba wa kaji ruwan. Wasa na ɗauke shi, irin na yara da 'yar tsana.

A ranar da nake ba ki labari, na ajiye kofin, na shiga ɗaki ɗauko littafina. Da na fito kofin ba komai a ciki. Bai faɗi ba, ƙasa ba ta jiƙe ba. Ɗigo ɗaya yana gangarowa ta bakinsa, daidai inda leɓe kan taɓa. Ƙofar gida na rufe da sakata, kaji na can bayan madafa. A kan kujerar kuma akwai ƙamshin wani turare wanda ba nawa ba.

Ladi, ga kuskurena na fari, kuma shi ya haifi sauran. Ban ji tsoro ba. Daɗi na ji. Na ɗauki kofin na ce, "In ƙaro maka?" Na je na ƙaro.

Kin san al'adarmu. Wanda kika ba ruwa da hannunki ya zama baƙo, ba a yi masa korar ɓarawo. Abin nan bai tsallako katanga ba, ni na gyara masa wurin zama na yi ta kiransa har ya zo. Muna yara an koya mana Shaiɗan baƙi ne mai ban tsoro, shi ya sa ban gane shi ba da ya zo da siffar da ni kaina na ɗinka masa. Ki riƙa lura da abin da kike shimfiɗa wa tabarma a zuciyarki in ba kowa kusa. Ki tambayi kanki ko za ki iya yin wannan tunanin da ƙarfi a gaban mutumin da kike jin nauyinsa. In ba za ki iya ba, tashi ki nemi aiki.

Daga ranar ya fara magana. Ba da kunne nake jinsa ba, amma na san kalmomin ba nawa ba ne, don yana faɗin abin da ban shirya masa ba. Ya ce hannuwana sun fi ƙarfin wanke-wanke. Ya ce, "Me kike yi da mai warin albasa?" In babanki ya matso kusa da ni sai in ja jikina gefe. Bai taɓa ce mini in bar majami'a ba, ya fi haka wayo. Cewa kawai ya yi, "Ranar Lahadi ma midi yana yi." Sai na riƙa zamewa kafin addu'ar rufewa, in ce kaina ke ciwo, ina sauri a rana kamar na bar tukunya a wuta. Addu'a kuwa ina yi safe da yamma. Amma in na zo kan sunan Yesu da tsakar rana sai harshena ya yi nauyi, in tsallake.

Wata rana injin ban ruwa ya lalace, babanki ya dawo ba zato. Ya same ni cikin kwalliya, ga kujera, ga kofi. Ya shiga ɗaki ya duba, ya leƙa bayan gida, ya leƙa har cikin akurkin kaji. Ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ina yake?"

"Wa?"

"Wanda aka yi wa kwallin."

"Kai na yi wa."

"Ni? Ni da ko injin bai san zai mutu yau ba?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin, don da ƙishirwa ya dawo. Ban san sa'ad da na fizge shi ba. Na ji bakina ya ce, "Ba naka ba ne." Ya dube ni, ya dubi kujerar. Na ga tsikar hannunsa ta tashi a cikin wannan zafin. Ya juya ya koma garka bai sha ko kurɓi ɗaya ba.

Ranar ya kamata in bi shi in gaya masa gaskiya. Ban bi shi ba. Na bar shi yana zargin wani namiji mai jini da tsoka, yana kallon kowane tela da direba a kartiye, unguwar tamu, da jan ido, don wannan zargin ya fi mini sauƙi a kan in ce masa da iska nake hira. Ki riƙe wannan: duk abin da ya ce miki "kada ki gaya wa kowa", ko mutum ne ko tunani, ba masoyinki ba ne.

Amma tsoro ya fara shigata, don na ji muryata ta faɗi abin da ban aike ta ba. Na ɗan buɗe cikina ga maƙwabciyarmu Hajiya Mariyama, wadda kika taso kika sani, mutuniyar Damagaram ɗin nan da kike ciki yanzu. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, ta ce, "Yarinya, ai ku ma kuna da malaminku. Tashi ki je ki gaya masa tun abin bai yi jijiya ba." Musulma ce, amma ita ta nuna mini ƙofar fastona. Ni kuwa kunya ta hana ni, don matar fasto ta san mahaifina, kuma ni ce ake sa wa karatu a taron mata saboda na iya. Sai na bi wata Bazabarma mai sayar da kifi, ta kai ni wurin zima, wato masu hulɗa da iskokin gulbi.

Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a rumfar zana kusa da ruwa. Ban gama gaisuwa ba ta ɗaga kai ta dubi bayana, sama da kafaɗata, kamar mai duban dogon mutum. Ta gaishe shi kafin ta amsa mini. Mai kifin ce ke fassara. Ta ce, "Na gulbi ne. Ba ya cuta in an ba shi haƙƙinsa. Ware masa Alhamis, da farin zane da turare. Sauran kwanakin na mijinki ne da Allahnki."

Maganar ta yi mini kama da hankali. Rana ɗaya tak, kowa ya samu rabonsa, ba mai jin labari. Na yi yadda ta ce. Kafin wata ya mutu, Laraba ta zama ranar shirin Alhamis, Juma'a ta zama ranar tuna ta, Asabar kuma ina ƙirga abin da ya rage. Na rame, idona ya faɗa. Kada ki taɓa yin ciniki da zunubi, ɗiyata. Kada ki ce yau kaɗai, ko kaɗan kawai, ko sai na gama jarrabawa zan bari. Yakan karɓi ɗan abin da kika ba shi da godiya, don ya san hanyar sauran.

Gwaggonki Hannatu ce ta fasa ƙwan. Ta zo daga unguwar Talaje wata Alhamis ba sallama, ta tarar da ni cikin farin zane a durƙushe. Ta ajiye kwandonta ta riƙe ƙugu.

"Madam Littafi, yau kuma wane shafi muke?"

Na ce, "Yaya, ki yi magana a hankali."

"Don wa? Akwai mai barci ne?"

Ta nufi kujerar za ta zauna. Ladi, kin san gwaggonki, ko kare mai hauka ba ta kauce masa. Ta kai rabi ta tsaya cak. Ta ja da baya, ta ce, "Yesu!" da ƙarfin da ya sa kaji suka watse. Ta kama wuyan hannuna, ko ɗankwali ba ta bari na sauya ba, ta ja ni a rana har gidan fasto.

Ba zan tsawaita miki abin da ya biyo baya ba. Matan zumunta suka yi azumi tare da ni, suka zo gidan nan suka yi addu'a ɗaki ɗaki. Na tuba da bakina a gabansu. Na fasa kofin a kan dutsen niƙa, aka ƙona farin zanen, na mai da wa mutumin Maraɗi littattafansa. Nauyin da ke kafaɗata ya sauka, na yi barci irin wanda na manta akwai shi. Babanki abin da aka gaya masa shi ne iska ta taɓa ni an yi addu'a ta tafi. Ban ƙara masa bayani ba, shi ma bai tambaya ba. Na ba da shaida a majami'a, mata suka yi guɗa. Aka riƙa nuna ni ga 'yan mata ana cewa ga wadda ta ci nasara. Na ji daɗin wannan sunan ƙwarai.

A littattafai nan labari ke ƙarewa. Nawa bai ƙare ba, kuma saboda abin da ya biyo ne nake rubuto miki.

Na haife ki, kika fara rarrafe. Wata rana da midi kin yi barci, na gama wanki, gidan ya yi tsit. Ba abin da na yi niyya. Tunani ne kawai ya gifta: ko yana ina yanzu? Na ce a raina ai tambaya ba laifi ba ce, ni da na riga na ci nasara. Washegari na sake tambaya. Bayan 'yan kwanaki na ga kaina da ruwa a kofin roba, ina ce wa kaina ai wannan ba wancan kofin ba ne, ba kwalli, ba turare, gwadawa kawai zan yi in tabbata ya tafi. Na ajiye. Na zauna a ƙasa.

Ban san abin da ya faru a tsakani ba. Da na dawo hayyacina inuwa ta bar inda take ta koma wancan gefen tsakar gida. Tabarmarki babu kowa. Ƙofar gida a buɗe.

Na fita a guje. Kina can kan hanyar da ke gangarawa gulbi, zaune a ƙasa mai ƙuna, kin ɗaga hannuwanki biyu sama kina dariya, irin yadda kike yi in babanki zai ɗauke ki. Ba kowa a gabanki. Idonki na kallon sama, wurin da fuskar dogon mutum za ta kasance. Hajiya Mariyama ta riga ni isa, ta sure ki tana salati. Ta miƙo mini ke, ta ce, "Wa ya zare mata sakata? Ko tsaye ba ta iya yi." Ta dube ni ta ce, "Kin koma, ko?"

Na goya ki, na gangara garka a wannan ranar. Na sami babanki tsakanin fangalin ganyen salati da bokitan ban ruwa a hannu. Na gaya masa duka, tun daga littattafan har mai warin albasa, ban rage komai ba. Abokan aikinsa na nesa suna kallonmu. Ya ajiye bokitan. Ya dubi gulbi, na zaci cewa zai yi in tattara kayana. Sai ya ce,

"Ƙarfe nawa yake zuwa?"

Na ce, "Midi."

Ya ce, "To."

Washegari rana na take tsaka na ji tari a ƙofa. Ya shigo da taɓonsa, ya jawo kujerar nan ya zauna daram, ya ce, "Maman Ladi, kawo ruwan." Na kawo. Ya ce, "Ba a durƙusawa ne? Na ji an ce a littafi durƙusawa ake." Na durƙusa ina kuka ina dariya. Ya shanye, ya yi addu'a gajeriya irin tasa, ya ɗauke ki ya cilla sama, ya koma bakin aiki.

Haka ya yi kullum. Ki tuna hawan da ke tsakanin garka da gidan nan, ki tuna rana. Abokansa suka sa shi gaba. In ya ajiye bokiti sai su ce, "Ango zai je shan ruwa! Na gulbin nan duk bai ishe ka ba?" Ya ce musu, "Na gidana ya fi sanyi." Bai taɓa gaya musu dalili ba, bai taɓa goranta mini ba. Ke kin taso kina ganin babanki na dawowa da midi kin ɗauka haka kowane uba yake yi.

Abin da na koya da tsada shi ne wannan. Faɗuwa ta biyu ta fi ta fari sauƙi, don hanyar a share take kuma mutum ya daina tsaro. Na fasa kofi, na ƙona zane, amma na bar kujerar babu kowa da lokacin babu komai. In Allah ya fitar da ke daga wani abu, kada ki tsaya ga murna. Ki dubi lokacin da abin ya saba zuwa, ki cika shi da mutum ko aiki ko waƙar yabo. Kada ki koma ki gwada ko ya tafi. Kuma ranar da aka fara yabonki a majami'a, ranar ki ƙara addu'a.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba.

Tun da Allah ya ɗauki babanki, ke ce ke cika mini midi. Kina dawowa daga lakwal, makarantarku, da yunwa da surutu, kina jefar da takalma a tsakar gida, ina miki faɗa alhali a raina godiya nake. Makon jiya, ranar da kika wuni kasuwa sayen kayan tafiya, ni kaɗai ce a gida. Ina ɗaki ina ninke miki zannuwa. Sai na ji tari a ƙofa. Tarin nan biyu a jere da kika sani. Na ji an ajiye bokiti, ƙarfen hannunsa ya bugi gefe. Na ji kujera ta yi ƙara kamar an zauna. Warin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo har ɗaki.

"Maman Ladi, kawo ruwan."

Wannan karon bai zo da shadda da turare ba. Ya san na girma, ya san abin da nake so yanzu.

Ban yi shawara da kaina ba. Na tashi na je randa na cika kofi. Ina tafe ina kallon ƙasa, don na san in na ɗaga ido zan ga ƙafafu da taɓo. Saura taku kaɗan in durƙusa, sai wani tunani ya faɗo mini: babanki yana wurin Ubangiji, kuma a can ba a jin ƙishirwa. Duk wanda ke kan kujerar nan yana neman ruwa a hannuna, ba shi ba ne.

Na kira sunan Yesu. Da fari bai fito ba, sai iska. Na sake, ya fito kamar na mai shaƙewa. Na ɗaga kofin na shanye ruwan da kaina a tsaye, na fita ba takalmi na faɗa gidan Hajiya. Ta ga fuskata, ta tura mini tiren wake ta ce in taya ta tsincewa. Can na zauna har kika dawo kina nuna mini sabuwar jakarki.

Zan gaya miki gaskiya, don ke ba yarinya ba ce yanzu. Ba tsoron ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne ina so. Ina so in sake jin muryar nan ko da na san ta aro ce. Na yi nasara ranar, amma na san kaina. In aka bar ni da gidan nan da midi, yau da gobe da jibi, akwai ranar da zan ce sau ɗaya kawai.

Na san kin lura da wani abu, don da daren jiya kin ce, "Mama, ko in bari sai baɗi?" Na yi miki tsawa, ki yi haƙuri. A'a, ba za ki bari ba. Ban haife ki don ki zama mai gadin kujera ba. Akwai matan da za su haihu a hannunki, ki je ki koya da kyau.

Ke ma jinina ce. Na sha ganinki da waya a hannu kina murmushi ke kaɗai, kin tafi wata duniya, sai na kira ki ya fi a ƙirga kafin ki ji. Ban hana ki karatu ba, ni ma na koma karatuna daga baya, babanki ma ya riƙa sa ni in karanta masa da yamma yana yi wa jarumin dariya wai ba ya zuwa aiki. Labari ba laifi ba ne. Amma in kika ga kin fara ƙin mutanen da ke gabanki don ba su kai na cikin kanki ba, ki ajiye. In kin isa, kada Lahadin fari ta wuce ba ki nemi majami'a ba, ko ƙarama ce ko da nisa. Ki nemi mace ɗaya babba wadda za ta iya ce miki ƙarya kike, ki riƙa kai mata kanki tun ba ta nema ba. Kada ki raina maƙwabtanki Musulmi, kin ji abin da Hajiya ta yi mini. Kada kuma ki zama mai ganin aljani a kowane lungu. In kanki na ciwo zazzaɓi ne, ki sha magani. In ruwa ya ragu a kofi, fara tambayar abokiyar ɗakinki. Magabci yana son mai yawan tsoronsa kamar yadda yake son mai raina shi, don duka biyun shi suke kallo. Ki kalli Yesu. In kuma kika faɗi, don mutum na faɗuwa, kada ki kwana da shi. Ki faɗa a ranar. Alherin Allah bai ƙare a kaina ba sau biyu, ba zai ƙare a kanki ba.

Shekaranjiya da na ce miki zan je cefane, Talaje na je. Na sami gwaggonki tana suyar kifi, jikokinta na kokawa a kan tabarma, rediyo na ihu, surukarta na faɗa da mai ruwa. Kin san ni da gidan nan, ban taɓa iya wuni a cikinsa ba. Na gaya mata. Ta juya kifinta, ba ta ko dube ni ba.

"Wato yanzu har da muryar ƙanena yake yawo? Marar kunya."

Na ce, "Yaya, ban san yadda zan yi ba."

"Kin sani mana, in ba haka ba me ya kawo ki? Ɗakin bayan nan ne, buhunan gawayi ke ciki, sai ki share da kanki. Amma ki sani, Madam Littafi, gidana ba a zaman mafarki. Da midi kifi ake gyarawa."

Na ce, "Ban iya gyaran kifi ba."

Ta ce, "Kin iya ba iska ruwa, kifi ne zai gagare ki?"

Muka yi dariya har na share hawaye. Ita ma ta goge ido ta ce hayaƙi ne.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ɗiyata. Ya tsare ki a aji da ɗakin kwana da kan hanya, da safe da dare da tsakar rana. Ya buɗe miki kai, ya sa hannunki ya zama mai sanyi ga masu naƙuda. Ya rufe kunnenki ga kowace murya da ba tasa ba, ya dawo mini da ke lafiya. Ki riƙa sa ni a addu'a in rana ta take tsaka, ni ma a lokacin zan riƙa sa ki. Hajiya na gaishe ki, ta ce in kin samu sarari ki je ki gaida ƙanwarta a unguwar Birni.

In na raka ki tasha gobe ba zan dawo Gamkalle ba. Na ba ɗan'uwan babanki makullin gidan. Na koma Talaje wurin gwaggonki, can za ki same ni in an yi hutu.

Mamanki,
Saratu